BABI NA UKU: TARIHIN TSARA GARI DA KARE FILAYEN NOMA A GUNDUMAR MONTGOMERY TA ƘASAR AMURKA, 1927 ZUWA 2022

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda wata gunduma ta ƙasar Amurka, wato gundumar Montgomery da ke jihar Merilan, ta tsara wa kanta inda za a yi gini da inda za a bar wa noma, da hanyoyin da jama'a za su bi, da kuma yadda za a farfaɗo da tsofaffin kasuwanninta. Gundumar tana maƙwabtaka da birnin Washinton ta arewa maso yamma, kogin Potomac kuma shi ya raba ta da jihar Bajiniya. Faɗin ƙasarta ya kusa murabba'in mil 500. Ya kamata a lura tun daga farko cewa gunduma a can ta ɗara ƙaramar hukuma irin tamu iko nesa ba kusa ba, domin ita ke karɓar harajin gidaje da filaye, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin makarantu, kuma ita ke da ta cewa a kan abin da za a gina a kan fili. Haka kuma fili a can mallakar mai shi ne, ba a hannun gwamna yake ba kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada a Nijeriya. Saboda haka duk lokacin da hukuma ta hana mutum gini a gonarsa, to ta taɓa masa dukiya ke nan, kuma kotu na jiran ta.

Abin da babin zai nuna shi ne, tsarin wannan gunduma ciniki ne mai fuska biyu. An ce za a hana gini a wani ɓangare, a kuma cunkusa shi a wani ɓangaren. Gundumar ta cika alkawarin farko sosai, amma na biyun ya sha ba ta wuya.

3.1 Mafarin Al'amari

Har zuwa farkon ƙarni na ashirin, Montgomery ƙasar manoma ce, masu alkama da masara da shanun tatsa, sai 'yan unguwanni da suka tsiro a bakin layin dogo da na taragon lantarki kusa da iyakar Washinton. A shekarar 1918 majalisar jiha ta kafa hukumar ruwan sha da bututun ƙazanta domin unguwannin da ke kewaye da birnin. A shekarar 1927 kuma aka kafa hukumar tsare-tsare da wuraren shaƙatawa wadda ta haɗa Montgomery da maƙwabciyarta Prince George's. Wannan ya biyo bayan hukuncin Kotun Ƙoli ta Amurka na 1926 a shari'ar ƙauyen Euclid, wanda ya tabbatar da cewa hukuma na da ikon kasafta filaye, ta ce nan gidaje, nan kantuna, nan masana'antu. Jigon kafa hukumar ta 1927 shi ne E. Brooke Lee, ɗan siyasar da ya daɗe yana juya gundumar, wanda kuma shi kansa mai gina unguwanni ne yana sayarwa a yankin Silver Spring. Ke nan tun daga tushe harkar tsara gari da harkar dillancin filaye a kwano ɗaya suke ci. Da yawa daga cikin unguwannin da aka gina a wancan zamani an rubuta a takardun mallakarsu cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, wasu ma har da Yahudawa. Tsofaffin ƙauyukan baƙar fata irin su Lyttonsville da Scotland an bar su ba kwalta ba famfo har cikin shekarun 1960, alhali unguwannin da ke kewaye da su suna da komai.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai jama'a suka yi ta kwararowa. Ƙidayar 1940 ta nuna mutum 83,912 ne a gundumar. A 1950 sun kai 164,401, a 1960 kuma 340,928. Wato cikin shekara ashirin yawan jama'a ya ninka sau huɗu. Dalilin bai wuce bunƙasar ma'aikatun gwamnatin tarayya ba, da bashin sayen gida mai sauƙi, da kuma yawaitar motoci. Ita kanta gwamnatin tarayya ta fitar da wasu hukumominta zuwa gundumar. Cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa sun zauna a Bethesda, hukumar makamashin nukiliya ta koma Germantown a ƙarshen shekarun 1950, sannan hukumar awo da ma'auni ta koma Gaithersburg cikin shekarun 1960. Duk inda bututun ƙazanta ya kai, sai gona ta zama unguwa.

3.2 Babban Tsari na 1964

A shekarar 1961 hukumar tsara babban birnin tarayya ta fitar da wani hasashe na yadda yankin Washinton zai kasance a shekarar 2000. Daga wannan hasashe ne hukumar gundumomin biyu ta ɗauko tsarin da ta amince da shi a 1964, mai suna "On Wedges and Corridors". Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin ita ce mutum ya shimfiɗa tafin hannunsa ya ware yatsu. Tafin shi ne Washinton da unguwannin da ke manne da ita. Kowane yatsa ziri ne na gine-gine da zai bi babbar hanyar mota da layin dogo, da garuruwa a jere a kansa, kowane gari da wuraren aikinsa da kasuwarsa. Sararin da ke tsakanin yatsu kuwa za a bar shi ga gonaki da dazuka da ƙoramu da gidaje jefi-jefi. Zirin da ya faɗo wa Montgomery shi ne na babbar hanyar da ta nufi garin Frederick, wadda aka sa wa lamba 270 a shekarar 1975, kuma garuruwan da ke kansa su ne Rockville da Gaithersburg da Germantown da Clarksburg.

Sai dai taswira ba ta hana kowa komai. Majalisar gunduma da aka zaɓa a 1962 ta 'yan goyon bayan magina ce, kuma bayan ta sha kaye a zaɓen 1966, sai ta yi amfani da 'yan kwanakin da suka rage mata ta sauya wa filaye masu yawa matsayi domin a yi gini, ba tare da la'akari da tsarin ba. Wannan abu ya fusata jama'a ƙwarai, kuma shi ya ƙarfafa ƙungiyoyin unguwanni waɗanda daga lokacin suka zama ƙarfi na biyu a siyasar gundumar, suna ja da magina. A 1969 aka sabunta tsarin, majalisa ta karɓe shi. A 1970 kuma, lokacin da jama'a suka kai 522,809, bututun ƙazanta suka cika suna malala cikin ƙoramu, har jiha ta dakatar da jona sababbin gidaje a wurare da dama. A nan ne mahukunta suka gane cewa sai an sama wa tsarin haƙora.

3.3 Dokokin Shekarun 1970

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a wannan zango shi ne Royce Hanson, malamin kimiyyar siyasa, wanda ya shugabanci hukumar tsare-tsaren gundumar daga 1972 zuwa 1981. A zamaninsa aka yi dokar 1973 wadda ta ce ba za a amince da yanka sabuwar unguwa ba sai an tabbatar akwai hanya da makaranta da ruwa da za su ɗauki mutanen da za su zo. Haka kuma a 1974 wata doka ta fara aiki wadda ta tilasta wa duk mai gina gida hamsin ko fiye ya ware wani kaso, wanda daga baya ya tsaya tsakanin kashi 12.5 da 15 cikin ɗari, ya sayar ko ya ba da haya a kan farashi mai rangwame. A madadin haka sai a ƙyale shi ya ƙara yawan gidajen da zai gina a filin. Hukumar gidaje ta gunduma kuma tana da damar sayen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan gidaje domin marasa ƙarfi. Hikimar dokar ita ce ta warwatsa gidajen talakawa cikin unguwannin masu hali, 'ya'yansu su shiga makaranta ɗaya. Wani bincike da Heather Schwartz ta fitar a 2010 ya nuna cewa 'ya'yan talakawan da suka samu kansu a makarantun unguwannin masu hali ta wannan hanya sun fi takwarorinsu ƙoƙari, musamman a lissafi. Garuruwa da yawa a Amurka sun kwaikwayi wannan doka.

3.4 Keɓaɓɓen Yankin Noma na 1980

Wannan shi ne aikin da gundumar ta fi shahara da shi, don haka za a ɗan tsaya a kansa. A farkon shekarun 1970 an yi dokar cewa a yankin karkara ba za a gina gida a fili da bai kai eka biyar ba, da zaton hakan zai kare gonaki. Abin da ya faru akasin haka ne. Masu kuɗin birni ba su ga tsadar eka biyar ba, sai suka yi ta saye suna gina manyan gidaje, gonaki kuma suka riƙa daddatsewa gunduwa-gunduwa. Eka biyar ta yi wa gida yawa, ta kuma yi wa noman tarakta kaɗan.

A shekarar 1980 majalisar gunduma ta amince da tsarin da ya keɓe eka 93,000, kimanin hekta 37,600, a arewaci da yammacin gundumar, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta. A cikin wannan yanki aka mayar da ƙa'ida gida ɗaya a kowace eka 25, aka kuma ce noma shi ne aikin da ke gaba da kowane, kuma ba za a kai bututun ruwa da na ƙazanta can ba. To amma manomi yana kallon gonarsa a matsayin fanshonsa ne, domin ranar da ya tsufa magini zai sayar wa. Rage masa yawan gidajen da za a iya ginawa daidai yake da rage darajar gonar. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a raba haƙƙin gini da ƙasar kanta, a mayar da shi haja. Kowace eka biyar aka ba ta haƙƙi guda. Alal misali, manomi mai eka ɗari a da yana iya yanka fuloti ashirin. Bayan 1980 huɗu kawai zai iya. Amma an ba shi haƙƙi ashirin, ya riƙe na gidajen da yake son ginawa, sauran ya sayar wa magini. Shi kuma magini sai ya ɗauki haƙƙin ya kai wani wuri a kudancin gundumar ko a kan zirin hanya, inda hukuma ta ayyana cewa ana karɓa, ya ƙara yawan gidajen da zai gina a can. Da zarar an sayar, sai a rubuta a takardar gonar cewa wannan haƙƙi ya tafi har abada. Manomi ya samu kuɗi, gonarsa na hannunsa, kuma baitulmalin gunduma bai biya diyyar ba.

Wasu masu filaye sun kai ƙara cewa an ƙwace musu dukiya, amma kotu ta goyi bayan gunduma. A 1987 kuma babbar kotun jiha ta soke hanyar da aka bi wajen ayyana wuraren karɓar haƙƙi, bisa ƙarar da mazauna yankin Potomac suka shigar, sai majalisa ta sake yin abin ta hanyar doka. Wannan ƙara ta biyu ita ta fi nuna inda gizo ke saƙa. Kowa na son a kare gonaki, amma ba mai son a kawo ƙarin gidajen bayan katangarsa. Duk lokacin da aka zo tsara wata unguwa, sai mazaunanta su matsa a rage adadin haƙƙin da za ta karɓa. Da wuraren karɓa suka yi ƙaranci, sai masu saye suka ragu, farashin haƙƙi ya riƙa hawa da sauka, manoman da suka jinkirta sayarwa suka ga kamar an yaudare su. Duk da haka, kimanin rabin yankin ya shiga ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya, abin da ya sa ake lissafa shirin cikin mafiya nasara a ƙasar.

Akwai kuma ɓarakar da ta rage, wato gida ɗayan nan na kowace eka 25, wanda masu hali ke saye su yi katafaren gida da bargar dawaki. A 2008 gunduma ta fito da shirin sayen wannan haƙƙi na ƙarshe, ta ɗora wa masu manyan gine-gine a wasu cibiyoyin kasuwanci nauyin biyan wani ɓangare. Noman ma ya sauya kama. Garken shanun tatsa sun ragu ƙwarai, aka koma ga masara da waken soya da ciyawa da kiwon dawaki da lambunan da 'yan birni ke zuwa su tsinki 'ya'yan itace da hannunsu su biya. A ganin mai wannan nazari, abin da aka kare ƙasa ce da ruwa da sarari, amma tsohuwar rayuwar manoma ba dokar da ta iya riƙe ta. Duk da haka wanda ya tsallaka kogi zuwa gabashin gundumar Loudoun ta Bajiniya, inda gonaki suka zama unguwanni da rumbunan kwamfuta, zai ga bambancin da doka ta kawo.

3.5 Sufuri

Tsarin 1964 ya dogara ne a kan hanyoyin mota da jirgin ƙasa tare. Hanyar da ta zagaye Washinton an gama ta a 1964, amma manyan hanyoyin da aka so a keta ta cikin unguwanni zuwa tsakiyar birni an yi watsi da su cikin shekarun 1970 saboda boren mazauna, musamman na Takoma Park da baƙar fatar Washinton waɗanda za a rushe wa gidaje. Jirgin Metro ya iso Silver Spring a 1978, ya kai Bethesda da Rockville da Shady Grove a 1984, Wheaton a 1990, sannan Glenmont a 1998. A nan ya tsaya. Germantown da Clarksburg, waɗanda aka tsara su a matsayin garuruwan kan layi, ba su samu Metro ba, layin da aka yi ta alkawarin zai haɗa su da Shady Grove kuma ya zauna a takarda shekara da shekaru. Sai suka zama garuruwan kwana, mutum ya fita da asuba a mota ya dawo da dare. An faɗaɗa hanya mai lamba 270 har layi goma sha biyu a wasu wurare a ƙarshen shekarun 1980, amma kafin shekara goma ta sake cushewa, domin faɗin hanyar ya jawo sababbin unguwanni har cikin gundumar Frederick. Nan ma akwai abin lura: wani ɓangare na ginin da aka hana a yankin noma tsallake shi ya yi ya sauka gaba, mutanen kuma suka riƙa ratsa gundumar kullum.

Hanyar da ta haɗa gabas da yamma, wadda aka zana tun shekarun 1950, sai a 2011 aka buɗe kashinta na farko, kuma ta kuɗi ce. Layin taragon zamani mai tsawon mil 16 daga Bethesda zuwa New Carrollton an fara aikinsa a 2017 da niyyar buɗewa a 2022, amma 'yan kwangila suka janye a 2020, wa'adin ya wuce ba a gama ba. Shawarar gina sabuwar gada a kan Potomac ta cikin yankin noma kuwa, gundumar ta sha ƙin amincewa da ita.

3.6 Farfaɗo da Cibiyoyin Kasuwanci

Silver Spring ita ce babbar kasuwar gundumar a shekarun 1950. Buɗe rukunin kantuna na Wheaton Plaza a 1960, mai filin ajiye motoci kyauta, shi ya fara janye mata masu saye. Zuwan Metro bai tsayar da zubewar ba, har babban kantin Hecht's da ya buɗe a 1947 ya tashi a 1987. An yi ta kawo shawarwari suna rushewa. Mafi girmansu shi ne na wani kamfanin Kanada da ya so gina makeken rukunin kantuna da wuraren wasa mai suna American Dream, wanda shugaban gunduma Douglas Duncan ya janye daga gare shi a 1996 da kuɗin ginin suka ƙi samuwa. Abin da ya yi aiki daga baya ya fi wannan ƙanƙanta: gunduma ta tattara filaye ta zuba kuɗinta, aka yi titin kantuna da gidajen abinci na masu tafiya a ƙasa, aka gyara tsohon gidan silima na 1938 aka buɗe shi a 2003, kamfanin talabijin na Discovery kuma ya kafa hedikwatarsa a wannan shekara. Wani abin ban sha'awa ya faru a 2007, lokacin da mai gadi ya hana wani mutum ɗaukar hoto a kan titin, bisa hujjar cewa an ba kamfani hayarsa. Jama'a suka fito da kyamarori ranar bikin 'yancin kai suka yi zanga-zanga, aka tabbatar musu cewa titin na kowa ne. A 2018 Discovery ta sanar da tashinta zuwa Niyok, amma a lokacin dogayen gidajen haya sun riga sun cika garin da mutane.

A Bethesda an bi wata hanya, inda ake ƙyale magini ya ƙara hawa idan ya ba da fili ko dandali ga jama'a. A White Flint kuma tsarin 2010 ya nemi mayar da kantuna masu faffaɗan filin mota su zama unguwa mai tituna da benaye kusa da tashar Metro. Wani ɓangare ya tabbata, domin an buɗe Pike & Rose a 2014, amma babban rukunin kantunan White Flint na 1977 da aka rufe a 2015 an rushe shi, filin ya daɗe a kwance saboda shari'a.

3.7 Clarksburg da Sabon Tsari

A 2005 mazauna sabon garin Clarksburg, da kansu, suka gano cewa ɗaruruwan gidaje sun wuce tsayin da aka amince, wasu kuma sun matso titi fiye da ƙa'ida, hukumar tsare-tsare ba ta lura ba. Kantunan da aka yi musu alkawari a tsakiyar gari ma ba a gina ba. Wannan abin kunya ne ya sa aka dawo da Hanson shugabancin hukumar daga 2006 zuwa 2010. A 2014 majalisa ta rage ginin da za a yi a bakin ƙoramar Ten Mile domin kare ruwan sha.

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 1,062,061, kuma tun 2010 fararen fata ba su kai rabin jama'ar ba. Filin da ba a gina ba a wajen yankin noma ya kusa ƙarewa, kuɗin gida ya fi ƙarfin malaman makaranta da ma'aikatan jinya da yawa, gabashin gundumar kuma, inda baƙar fata da baƙi suka fi yawa, an bar shi a baya wajen ayyukan yi. Saboda haka aka rubuta sabon babban tsari mai suna Thrive Montgomery 2050, wanda ya bar yankin noma yadda yake, ya kuma nemi a ƙara gidaje iri-iri a kan manyan hanyoyi, har da cikin unguwannin da a da gida ɗaya kawai ake yarda a gina a fuloti. Ƙungiyoyin unguwanni da dama sun yi adawa da shi, haka ma shugaban gunduma Marc Elrich. A watan Oktoba na 2022 dukkan mambobi biyar na hukumar tsare-tsare suka yi murabus bayan majalisa ta ce ta daina amincewa da su saboda rigingimun cikin gida. Duk da haka, kafin watan ya ƙare majalisar ta amince da tsarin, ya maye gurbin na 1964 bayan shekara 58.